Wa Zai Zana Garuruwanmu, Kuma a Ina Za a Rataye Zanen?

Bahaushe ba ya ƙin hoton gari. Duk wanda ya saba shiga ɗakunan mutane daga Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni ya san haka. A falon alhaji akwai dardumar bango mai hoton Ka'aba da hasumiyoyin Harami, ko koriyar ƙubbar Madina. A shagon mai gyaran waya akwai kalanda mai dogayen benayen Dubai. Kafin wayar hannu ta karya kasuwar masu ɗaukar hoto, labulen da ake tsayawa gabansa ranar Salla zanen birni ne: titi mai faɗi, fitilu a jere, bene hawa goma, wani lokaci har da jirgin sama yana shirin sauka. Da hannu aka zana shi, da fenti da buroshi, kuma mai zanen bai taɓa taka garin da ya zana ba, don garin ma babu shi a duniya. Abin da ba a cika gani a bangon kowa ba shi ne hoton garin da mai ɗakin yake kwana yake tashi a ciki.

Ga Ɗan Kassari misali. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Dogon Dutsi ta nufi Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, ta nan ta ratsa. Kamar sauran garuruwan bakin kwalta, kamanninsa sun sauya a idon mutanen da har yanzu ba su tsufa ba. Inda da rumbuna ne da katangar ƙasa da danni, yau ga bulo da rufin kwano, ga dogon ƙarfen kamfanin waya ya fi kowace bishiya tsawo, ga farantin sola a kan rumfar mai cajin waya, ga kwalaben mai a jere a kan tebur, ga ƴan kabu-kabu suna gilmawa tsakanin amalanke da tirela. A cikin gundumar Ɗan Kassari Lugu take, garin Sarauniya, inda aka gwabza da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Wannan labari ya samu littafin Abdoulaye Mamani a 1980, ya samu fim ɗin Med Hondo a 1986. Tarihin da ya wuce ya sami masu yi masa hidima. Garin da ake ciki yau, wanda shi ma gobe tarihi ne, da wuya ka ci karo da shi a jikin allo ko ƙyalle.

Tambayar tana da rassa biyu, kuma ba sa rabuwa: wa zai zana, kuma in ya zana ina za a ajiye a nuna wa mutane? Mai zanen da ba shi da bangon rataya aikinsa ba ya daɗewa a sana'ar.

Zanen gari fanni ne mai zaman kansa a wajen masu zane na duniya. Ba hoton sarki ake nufi ba, ba kuma na daji da kogi ba. Tituna ne da rufin gidaje da kasuwa da tasha, da yadda haske yake sauka a kansu da hantsi ko da la'asar. A Turai ya yi ƙarfi tun ƙarni na 17 a ƙasar Holan, sannan a ƙarni na 18 Canaletto ya shahara da zanen birnin Venis, yana sayar wa attajiran Ingila masu zuwa yawon buɗe ido. Wanda ya fi ba da darasi a nan shi ne ɗan ƴar'uwarsa, Bernardo Bellotto, wanda ya zauna a birnin Warso na ƙasar Folan yana yi wa sarki aiki har ya rasu a 1780. Ya zana titunan birnin da fadodinsa da majami'unsa sama da sau ashirin, taga bayan taga. A 1944 sojojin Jamus suka rushe fiye da kashi 85 cikin ɗari na tsohon garin. Da aka zo sake gini bayan yaƙi, zane-zanen Bellotto na cikin abubuwan da magina suka riƙa dubawa. Mutumin da aka ɗauka don ya ƙawata bangon fada, shi ya riƙe wa al'umma kamannin garinta shekara ɗari da sittin da ƴan kai bayan mutuwarsa.

Mu a ƙasar Hausa hannu ya bi wata hanya dabam. Ba mu zana gari a kan ƙyalle ba, a jikin garin muka yi zanen. Maginin da ya gama soro da tubali da azara ba ya sauka sai ya yi wa fuskar zaure ado: ya fitar da dagi, ya murɗa layuka tun yaɓe yana ɗanye, ya kafa zankwaye a kan kusurwa, ya shafe da makuba ko laso don kada ruwa ya ci. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, ya bar bakan gizo da adon bango da har yau masu nazarin gine-gine suke zuwa kallo. Unguwar Birni ta Damagaram cike take da irin wannan ado. A Yama, cikin jihar Tawa, Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, aikin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Kuma waɗannan magina ba su rufe ido ga zamani ba. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, a fuskar gidajen Zariya da Kano, an ga keke da mota da agogo da jirgin sama an fitar da su da ƙasa kusa da dagi da takobi. Wato maginin Hausa ya ga sabon gari yana shigowa, ya kuma rubuta shi. Matsalar ita ce allonsa bango ne, bangon ƙasa kuwa damina ce ke da hukuncinsa. Ranar da magada suka rushe suka sa bulo, zanen ya bi ƙura.

Shi ya sa tsofaffin hotunan garuruwanmu da suka rage kusan duka daga idon baƙo suka fito. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851 bayan ya bi ta Agadas da Tasawa da Katsina. Ya hau Dala ya zayyana abin da ya hango. Da ya koma gida, wani mai zane, Martin Bernatz, ya gyara zayyanar aka buga a littafinsa a 1857. Wannan hoto na Kano daga kan Dala, da giginyu da dabinai da soraye da fili mai yawa a cikin ganuwa, shi ake ta bugawa har yau in ana son nuna yadda birnin yake kafin zuwan Turawa. Hannu biyu ya bi, na biyun bai taɓa shaƙar iskar Kano ba, amma shi muke da shi.

Akwai wanda zai ce addini ne ya hana. Maganar tana da tushe, amma ba ta kai inda ake kai ta ba. Hanin da ya zo a hadisai a kan surar abu mai rai ne. A cikin Buhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da yin hotuna yake ci, sahabin ya tsoratar da shi, sannan ya nuna masa mafita: in ba makawa, ya yi bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi saɓani a kan abubuwa da yawa na wannan babi, kuma hukuncin nasu ne. Abin da yake fili shi ne katanga da hasumiya da rumfar kasuwa da gada ba su da rai. Cikin dukan fannonin zane, zanen gari ne ya fi dacewa da zuciyar Musulmin da yake taka-tsantsan. Da addini ne kaɗai dalili, da wannan fanni ne ya fi kowane bunƙasa a wajenmu. Dole a nemi dalilin a wani wuri, kuma wurin shi ne makaranta da kasuwa da gidan nuni.

Makarantar tana nan, kuma a tsakiyar ƙasar Hausa take. A 1955 aka maido sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da daga baya aka riƙa kiran mutanenta ƴan tawayen Zariya. Ƙorafinsu shi ne malamansu Turawa suna koya musu kallon duniya da idon Landan. Suka ce za su karɓi dabarun zamani su haɗa da gadon gida. Ƙungiyar ta watse a 1961, amma ta sauya tafiyar zane a Nijeriya baki ɗaya. Sai dai gidan da kowannensu ya koma nema nasa ne: Okeke ya koma ga adon uli na Ibo, Onobrakpeya ga tatsuniyoyin Urhobo, Grillo ga mutanen Ikko. Ba laifi ba ne, abin da suka yi wa'azi ke nan. Ɗan ajinsu Jimo Akolo ne ya zauna a Zariya yana koyarwa, ya kuma zana mahaya dawaki da rayuwar Arewa. Daga baya Gani Odutokun, haifaffen Gana, ya riƙe sashen da ƙarfi har hatsarin mota ya ɗauke shi a 1995, sannan irin su Jerry Buhari suka ci gaba. Zariya ta yaye ɗaruruwan masu zane, amma mai saye yana Ikko, daga baya Abuja. Can suka nufa. Shi ya sa Ikko take da masu zana motocin danfo masu ruwan ɗorawa, da cunkoson Oshodi, da gidajen kan ruwa na Makoko, har abin ya zama kasuwa. Tudun Wada da Sabon Gari na Zariya, inda ɗaliban suka sha shayi suka yi aski shekara huɗu, galibi sun tsaya a littafin gwajin hannu.

A Nijar labarin ya ratsa ta gida ɗaya, gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, kuma ya kamata a tsaya a kansa. An buɗe shi a watan Disamba na 1959, kafin ƙasar ta karɓi cikakken ƴancinta a watan Agusta na 1960. Ƙwaƙwalwar aikin Boubou Hama ne, malamin makaranta kuma marubuci wanda ya shugabanci majalisar dokoki har juyin mulkin 1974, gidan kuma sunansa yake ɗauke da shi yanzu. Wanda ya tsara shi ya kuma fara riƙe shi Pablo Toucet ne, masanin kayan tarihi da ya yi aiki a gidan tarihin Bardo na Tunis. Mutanen biyu sun fahimci abin da masu irin wannan aiki da yawa a Afirka ba su fahimta ba: talaka ba zai shiga ɗaki mai sanyi ya tsaya gaban akwatin gilashi yana raɗa ba. Don haka suka shimfiɗa gidan a fili mai faɗin kadada 24 kusa da kogin Kwara, suka gina ɗakunan nuni ƙanana a warwatse, farare da shuɗin ado irin na ginin Hausa, suka kawo zaki da kura da dorina, suka kafa bukkoki da tantuna irin na Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye. Suka zaunar da maƙera da masaƙa da dukawa suna aiki a idon jama'a suna sayarwa, suka buɗe wurin koya wa yara da naƙasassu sana'a. Daga baya aka ƙara ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe waɗanda aka tono a hamada, da gawar bishiyar Tenere da mota ta kayar a 1973, da ɗakin yuraniyom.

Dabarar ta ci. Ranar Salla gidan cika yake maƙil da yara cikin sabbin kaya, kuma ɗan yankin Dogon Dutsi da ya je Yamai ci-rani, ko da bai taɓa zama a aji ba, yakan san hanyar wurin. Ƙasashe da yawa da suka fi Nijar kuɗi ba su samu gidan tarihin da talakawa suka mai da shi nasu haka ba. Amma tsarin yana da abin da ya bari a waje. An gina shi ne don ya haɗa kan sabuwar ƙasa ta hanyar nuna mata gadonta: tufafin gargajiya, kayan kiɗa, takubba, sirdi, zanen duwatsun Ayar. Abin da ake nema shi ne abin da ya tsufa ko yake shirin ɓacewa. Mai zanen zamani da ya shigo wannan fili sai ya tarar wurin zamansa yana kusa da mai ƙera zobe da mai ɗinka jaka, mai sayensa kuma ɗaya ne da nasu, wato baƙon da ke neman tsaraba. Birnin da ke bayan katangar gidan kuwa yana ta kumbura. Yamai ta zama babban birni a 1926, mutanenta ba su wuce wajen dubu 30 ba lokacin samun ƴancin kai, ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya. An gina gadar Kennedy a 1970. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982 aka sake ta a 1987. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012. An share rumfunan bakin titi a 2016, an yi gadojin sama da sabbin otal-otal kafin taron Tarayyar Afirka na 2019, ambaliyar 2020 ta cinye unguwanni. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya ba mai zane aikin shekara. Wanda ya fi riƙe mana Yamai ta shekarun 1960 da 1970 mai kyamara ne, Philippe Koudjina, wanda ya bi gidajen rawa da wuraren shaƙatawa yana ɗaukar matasan lokacin.

Ba wai babu masu zane ba ne. Rissa Ixa, ɗan Inates, ya yi suna da zana rayuwar Buzaye. Boubacar Boureima ya daɗe yana aiki yana kuma koyar da na baya. Moustapha Alassane, kafin duniya ta san shi da fim, da zane ya fara, kuma da zanen hannunsa ya yi fina-finan kwaɗinsa masu yi wa shugabanni shaguɓe. Wurin da masu zanen Yamai suka fi samun bangon nuni shekara da shekaru shi ne cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar, wadda aka sa wa sunan mai shirya fim Jean Rouch bayan ya rasu a hatsarin mota kusa da Ƙonni a 2004, kuma bayan juyin mulkin 2023 ta koma hannun Nijar da sunan Moustapha Alassane. Wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a Disamba 2005 sun haɗa da gasar zane. Duk da haka, in aka duba su wa suka riƙa zuwa bikin buɗe nuni, su wa kuma suka riƙa ciro kuɗi, amsar ba ta ɓuya: jakadu, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, masu otal, ƴan yawon buɗe ido.

Nan gizo yake saƙa. Mai saye shi ke zaɓen abin da za a zana, ko da bai buɗe baki ba. Baƙon da zai koma Turai yana son raƙumi a kan tudun rairayi, da Bafulatana da ƙwaryar nono, da raƙuman dawan Kure, da dokin hawan daba. Ba ya son layin ƴan kabu-kabu a bakin asibiti, don bai ga Afirkar da ya zo nema a ciki ba. Mai zane yana da iyali, sai ya ba shi abin da yake so. A Kano da Kaduna da Abuja ma haka ne: shiga harabar kowane babban otal, dokin hawan Salla ne da algaita, kamar Arewa ba ta da titi. Ba na raina doki, zanensa yana da wuya kuma yana da kyau. Amma in shekara sittin ana maimaita hoto ɗaya, ya daina zama kallo ya koma hatimi. Da rashin tsaro ya kori baƙi, tun daga sace mutane a Arlit a 2010 zuwa harin Kure na 2020, sannan dangantaka da Faransa ta yanke bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai kasuwar ta bushe. Asara ce ga masu sana'ar, babu ja. Amma ta tona abin da aka daɗe ana rufewa, cewa ba a taɓa gina mai saye na gida ba.

Wanda ya nuna cewa abin yana yiwuwa a Afirka ta Yamma shi ne Ablade Glover na Gana, a Akara, birnin da kakanninmu ƴan ci-rani suka sani sarai, inda har yau ake jin Hausa a Nima da Sabon Zango. An haife shi a 1934, ya yi karatu a Kumasi da Ingila da Amurka, ya koyar a jami'ar Kumasi har 1994. Abin da ya shafe rayuwarsa yana zanawa shi ne kasuwa da tashar mota da rufin kwanon unguwannin talakawa da sahun masallata. Ba da buroshi yake aiki ba, da ƴar wuƙa mai faɗi yake ɗebo fenti ya manna, kamar magini yana yaɓe. In ka matso kusa da aikinsa ba ka ganin komai sai dunƙulen ja da ruwan ɗorawa da fari sun hau kan juna. Ka ja da baya taku biyar, sai kasuwa ta tashi: laima, tire a kan kai, rufin mota, dubban mutane, babu fuskar ko ɗaya. Daga sama yake kallon garin, ya cika allon har baki, ba ya barin wurin sararin samaniya, don wanda ke tsakiyar kasuwa ba ya ganin sama. Bai share tsatsa ba, bai rage cunkoso ba, a cikinsu ya samo kyan.

Kuma bai tsaya jiran gwamnati ba. Tun shekarun 1960 yake gwada buɗe wurin nuni, ya kafa Artists Alliance a 1993, a 2008 aka buɗe babban gininta mai hawa uku a bakin teku, Kofi Annan ne ya buɗe. Shiga kyauta ne. A ciki akwai aikin manya da na matasa, da tsofaffin kayan gargajiya, kuma ana sayarwa. Abin lura shi ne mai zane ne ya gina wa ƴan'uwansa bango, ya kuma yi haƙurin shekarun da ake bukata kafin ɗan ƙasa ya saba da sayen zane. Kwatanta wannan da hukumar adana zane-zane ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a 1993, tana da ofisoshi a jihohi, amma shekara da shekaru masu zane suna kukan ba ta da babban ginin nuni nata na kanta a Abuja.

Kano ta ɗanɗana abin da rashin wannan yake jawowa. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya. Ganuwa tana ta zaizayewa, ana yanka ta filaye. Gadojin sama sun sauya fuskar Ƙofar Nasarawa da Kasuwar Sabon Gari. A watan Yuni na 2023 aka rushe ginin shataletalen gidan gwamnati, wanda mai zane Kaltume Bulama Gana ta tsara don cikar jihar shekara hamsin a 2017. Kowace gwamnati tana da hujjarta, kuma gari ba ya zama wuri ɗaya. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna riƙe da tarihin sarauta da na zuwan Turawa. Amma yaron da za a haifa bana, in ya girma ya tambayi yadda Kano take a zamanin A Daidaita Sahu, ɗakin da za a kai shi ya gani da idon ɗan gari bai samu ba tukuna.

Za a ce ai kowa yana da waya, hotuna sun fi a ƙirga. Gaskiya ne, kuma mai zanen yau da kansa yana amfani da su. Amma hoton waya yana mutuwa tare da wayar, ko ranar da aka goge don a sami wurin sabon bidiyo. Ban da haka, kyamara tana kwashe duk abin da ke gabanta ba ta zaɓe. Mai zane sai ya zauna, ya yanke shawarar abin da ya fi nauyi a wannan titi: inuwar dogon yaro ce, ko jan dutsen da ya tsaya a bayan Dogon Dutsi, ko matan da ke jiran layi a famfo. Wannan zaɓen shi ne ra'ayinsa game da garin, kuma shi ne abin da mutane za su tsaya su yi gardama a kai. Hoton da ya sa dattijo ya ce ba haka kasuwar take ba, matashi ya ce wallahi haka take, ya yi aikinsa.

To a wuri irin Ɗan Kassari, wa zai yi? Ba sai an jira wanda ya gama jami'a ba. Masu hannu suna nan a tasha: wanda yake rubuta sunan kanti, yake zana kawunan aski a allon wanzamin zamani, yake yi wa bayan babbar mota ado da zaki da dabino da masallaci. Injin buga allon talla na roba ya karɓe musu rabin aiki, da yawa sun koma fentin gidaje. Sun san haɗa launi, sun san fentin da ke jure rana. Abin da ba a taɓa ce musu ba shi ne su zana kasuwar garinsu ranar da take ci, a biya su. Fentin mai na tubu da ake shigowa da shi yana da tsada, amma fentin gida a kan falanki yana aiki, ga kuma jar ƙasa da farar ƙasa da baba da gawayi da magabata suka yi ado da su. Mai saye ma yana nan in an nuna masa hanya: ɗan kasuwar da ya yi arziki a Kwatano ko Ikko yana kewar gida, kamfanin motocin safara mai ɗakin jiran fasinja, ofishin magajin gari, makarantar sakandare. Bango kuwa, ɗaki ɗaya a gidan matasa da al'adu ya isa farawa, kuma Doso tana da gidan tarihinta na jiha. Darasin Boubou Hama da Toucet yana nan daram: a kai abin inda mutane suke taruwa da ma, ranar kasuwa ko ranar kokawa, kada a kulle shi sai babban baƙo ya zo.

Wahalar ajiya ce ba a cika faɗa ba. Gara tana cin katako da ƙyalle, ƙurar hunturu tana dusar da launi, rufin da ke ɗiga yana gama aikin shekara a dare ɗaya. Dole a ɗaga zanen daga ƙasa, a nisanta shi da bangon da ke jiƙa, a sami mutum ɗaya da aka ɗora wa alhaki da littafin da yake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. A bayan kowane allo a rubuta sunan mai zane da shekara da daidai inda ya tsaya ya kalla, don in babu wannan, bayan shekara talatin ba wanda zai iya rantsuwa ko Ɗan Kassari ce ko Matankari.

Sai kuma rigimar da ba makawa za ta taso ranar da aka kawo zanen farko. Wanda ya biya zai ce a cire bolar da ke bayan tasha, a share baƙar ledar da ta maƙale a ƙaya, a miƙe katangar da ta karkace, a ƙara wa masallaci tsawo. Ba sabon abu ba ne. Bellotto da kansa ya yi wa wasu gine-ginen Warso kwaskwarima a zanensa, masu sake gini kuma suka bi shi a wasu wurare, suka gina abin da bai taɓa tsayuwa haka ba. Mai zanen tasha ba shi da ƙarfin yin musu da alhajin da ya ba shi kuɗin fenti. In ofishin magajin gari ko wata ƙungiyar ƴan asalin gari ce ta ba da aikin, sai a yi sharaɗin tun kafin a buɗe gwangwani: mai zane zai sa abin da ya gani, har da ledar, kuma za a biya shi cikakke ko hoton bai yi wa kowa daɗi ba.